Tsarabar da Na Raba a Abakpa

Duk Bahaushen da ya tashi a Gabas yana da wata dokar cin abinci wadda ba a makarantar allo ya koya ba, a bakin titi ya tsince ta: ka kiyayi nama, saura ka ci da bismilla. Mu da muka girma a Abakpa Nike, cikin Inugu, da ita aka yaye mu. Okpa da mata ke kawowa da sassafe tana tururi, garin gurjiya ce da manja da barkono, babu abin tambaya a cikinta. Abaca kuwa rogo ne aka yayyanka aka shanya, aka jiƙa aka cakuɗa da manja da kanwa, kanwar ma sau da yawa daga hannun 'yan'uwanmu ta fito. In ka ce a cire maka ganda a bar kifi, magana ta ƙare. Nama muna da mahautanmu a Gariki da Atisan, su ke yanka, su ke sayarwa har ga maƙwabtanmu Ibo. Giya ba ta ɓuya a garin nan, kwalbarta daban, gidan shanta daban, ga kujerun roba a ƙofa ga kiɗa. Alade ma ba ya ɓuya. Mai sayar da shi tana da teburinta, in ta gan ka da hula ita da kanta za ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan ba naka ba ne."

Dokar ta yi mana aiki shekara da shekaru, don girkin Ibo a kan manja ya ginu. Ni kuwa sai na ɗauka duk inda wanda ba Musulmi ba ke girki haka abin yake, na hau jirgi da wannan tunani zuwa ƙasar Sin. Can ya kā da ni, kuma ba ni kaɗai na faɗi ba, na jawo mutanen da nake jin nauyinsu.

Kayan ɗinki nake sayarwa a kasuwar Ogbete: zif, maɓallai, zare, duwatsun ado. Da can a Anaca nake saro su, hannu na uku ko na huɗu. Da jirgin Habasha ya fara tashi daga filin Akanu Ibiam da ke Emene a 2013, tafiyar ta yi sauƙi. Daga Abakpa ka hau Keke zuwa filin jirgi, ka sauka Adis Ababa, ka canja jirgi sai Gwanzu, ba sai ka bi ta Legas ko Kano ba. Wani maƙwabcina a kasuwa, mutumin Nnewi, wanda ya daɗe yana zuwa, shi ya yi mini jagora.

'Yan Afirka a Gwanzu wuri biyu suka fi taruwa. Akwai wajen Sanyuanli, inda Ibo suka fi yawa, kasuwannin tufafi da takalma a jere. Akwai kuma Shawbe, wadda suke rubutawa Xiaobei da boko, inda Musulmi suka fi zama: 'yan Mali, Gini, Nijar, Larabawa, da Musulmin Sin ɗin kansu. Tun a jirgi abokina ya ce mini, "Alhaji, ka sauka a Shawbe, can mutanenku suke, can za ka ci abinci hankali kwance." Na ƙi. Ina son in kasance kusa da shi saboda tafinta da masu lodin kwantena, kuma a raina ina ganin ai ni ba baƙon zama da waɗanda ba Musulmi ba ne. Na riƙa cin soyayyiyar shinkafa da ƙwai, da ganye soyayye, da taliya cikin romo. In na ga tsoka na ture ta gefe, ina jin na tsare addinina. Ban taɓa tambayar da wane mai aka soya ba, ko ƙashin mene ne aka dafa romon da shi.

Ana gobe za mu taso muka je titin Shangxiajiu sayen tsaraba. A wani kanti na ga gwangwanaye ja masu kyau, an zana ɗan tsako a jikin murfin, an kuma rubuta da Turanci a ƙasa cewa biskit ɗin kaza ne. Yarinyar kantin ta miƙo mini ɗan gutsure a tsinke. Bayansa ƙarau, cikinsa da ɗan danƙo, ga zaƙi ga gishiri ga ƙamshin tafarnuwa da riɗi. Na ce wannan ita ce tsarabar manya. Batun kaza kuwa na yanke wa kaina hukunci nan take, cewa ƙamshi ne kawai irin na dunƙulen miya, tunda ban ga nama da idona ba. Abokina ya taɓa ni ya ce, "Alhaji, bari yaron nan tafinta ya zo ya karanta maka bayan gwangwanin." Har yau ina jin amsar da na ba shi a kunnena. Na ce, "Haba Oga, biskit ne fa. Ni da na tashi a Abakpa za a koya wa abin da zan ci?" Ya ɗaga kafaɗa ya yi shiru. Na ƙara da wasu kwalaye na wani kek mai ɓawo falle-falle, da ake cusa masa zaƙin wani irin kabewa a ciki, suna kiransa kek ɗin matar aure.

Da na dawo na raba. Na kai wa Liman, na kai wa kawuna, na kai wa surukata Hajiya, na ajiye gwangwani guda a teburin mai shayinmu don jama'a, yaran gida kuma suka wawashe nasu. Aka yi ta sa albarka. Har da masu cewa in zan koma in riƙo masu.

Ba a yi wata biyu ba 'yar wani maƙwabcinmu, wadda ke karatun haɗa magunguna a Sin, ta zo hutu. Ta shigo gaida maiɗakina, ta tarar da gwangwanin a kan keken ɗinki, an mai da shi ma'ajiyar allura da maɓalli. Ta ɗauka tana murmushi, ta juya bayansa, sai murmushin ya ɗauke. Ta ce, "Baba, wa ya ci abin da ke cikin nan?" Na ce kowa. Ta sunkuyar da kai, ta sa yatsa tana bin layin rubutun tana faɗa mini: fulawa, sukari, riɗi, tafarnuwa, kitsen alade, barasa. Ta ce wannan biskit sananne ne a Gwanzu, kuma babu ko ƙwayar kaza a cikinsa, suna ne kawai. Kitsen alade ake yayyankawa ƙanana, a jiƙa shi da sukari da barasa har ya yi garau, shi ne ɗan danƙon nan da na yaba. Kek ɗin matar auren ma, ta ce, abin da ke sa ɓawonsa ya yi falle-falle a girkin gargajiya man alade ne.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba zan rubuta shi ba, don rashin sani ya fi dare duhu, kowa na iya faɗawa. Abin da na yi bayan na sani shi ne abin kunyar. Na ce wa yarinyar kada ta gaya wa kowa. Na ce wa kaina ai an riga an cinye, faɗar ba za ta amayo da komai ba, sai dai ta tayar wa tsofaffi hankali. Gaskiyar magana kuwa sunana nake tsoro. Ni ne wanda ya je Sin ya dawo ana ta tambayarsa labari bayan sallar Magariba.

Na kuwa san halin kawuna. Abu mai daɗi ba ya cinye shi, a akwati yake kulle shi, ya riƙa fitowa da ɗaya-ɗaya. Wata ranar Alhamis na je gaishe shi, ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ya buɗe jan gwangwanin, saura 'yan kaɗan a ƙasa. Ya miƙo mini ɗaya ya ce, "Ungo, ɗanɗana tsarabarka." Na ce, "Kawu, azumi nake." Ƙarya nake yi. Ya ce madalla, ya yi bismilla, ya tsoma a shayinsa ya ci a gabana, ina kallo, bakina a rufe.

Daren nan na sami Liman bayan Isha'i na zayyana masa komai. Ya daɗe bai ce uffan ba, ga shi shi ma ya ci, iyalinsa sun ci. Can ya ce waɗanda suka ci ba da sani ba babu komai a kansu. Ya ce ni kuma kafin in sani laifina sakaci ne, tunda an ce in tambaya na ƙi. "Amma wanda kawunka ya ci yau," in ji shi, "wannan naka ne kai kaɗai. Gobe ka bi su gida-gida ka faɗa masu da bakinka. Kada ka aiki yaro, kada ka buga waya."

Na bi. Hajiya surukata ta saurare ni har na gama, ta ce, "Allah ya kyauta," ta tashi ta shiga ɗaki, daga baya na ji ta sa an sake wanke duk farantan gidan. A teburin mai shayi aka yi salati, aka yi dariya, aka laƙaba mini Alhaji Ɗan Tsako, sunan da har yau bai sake ni ba. Kawu shi ne mai wuya. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Ashe azuminka na jiya ke nan?" Ya miƙo mini gwangwanin ya ce in fita da shi. Mun fi wata yana amsa gaisuwata a taƙaice. Abokina na Nnewi da ya ji, bai ce ai na gaya maka ba, kuma wannan shirun nasa ya fi mini zafi.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tafiyata ta gaba na cika jaka da garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari da kilishi, na rantse ba zan sa komai nasu a bakina ba. Kilishin ko filin jirgi bai wuce ba, don dokar kwastan ta Sin ta hana matafiyi shiga da nama, ɗanye ko dafaffe ko busasshe. Na zauna a kan gari da ayaba da ruwan gora, na rame, kaina na juyawa a tsakiyar ciniki. Wani mai masana'antar zif ya zuba mini shayi da hannunsa na ture, na ga fuskarsa ta canja, ban san cewa a wurinsu zuba wa baƙo shayi shi ne buɗe ƙofar magana ba. Wannan ma jahilci ne, ya sake riga kawai. A karon farko na ci komai ban tambaya ba, a na biyu na ƙi komai ban tambaya ba.

Wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, wanda muka haɗu a sallar Juma'a, shi ya kama hannuna ya kai ni Shawbe. Masallacin da muka haɗu shi ne na kusa da dandalin Yuexiu, inda akwai kabarin da mutanen can ke dangantawa ga Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, duk da cewa littattafan tarihinmu a Madina suka ce aka binne shi. Ko ma yaya ne, Musulunci ba baƙo ba ne a garin. Masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya, a tsohon gari, ana lissafa shi cikin mafi daɗewa a ƙasar, tun zamanin da Larabawa da Farisawa ke zuwa fatauci ta teku. A ƙidayar 2020 ƙabilar Hui sun haura miliyan 11, Uigur ma haka, ban da sauran ƙananan ƙabilun Musulmi. Mutanen da suka yi ƙarnoni suna zaune a ƙasar da ke cinye kusan rabin naman aladen duniya dole su ƙware wajen tsare tukunyarsu. Suna da girkinsu cikakke, kuma a ganina yana cikin mafi daɗin abin da Sin ke da shi.

Alamar abincin Musulmi da za ka nema haruffa biyu ne nasu, ana rubuta su qingzhen da boko, ana furtawa kamar "cingjan", galibi a kan koren allo. Da can tare da rubutun Larabci ake sa su, amma tun wajen 2019 hukuma ta sa an cire Larabcin daga allunan kantuna a garuruwa da yawa, don haka kada ka dogara da neman kalmar halal da ajami. Ka sa a tura maka hoton haruffan biyu a waya, ka haddace surarsu.

Abin da za ka fi gani da wannan alama shi ne shagon taliyar Lanjo. Kusan kowace unguwa a manyan biranen Sin akwai shi, kuma da yawansu Musulmin lardin Cinghai ne ke riƙe da su, maza da farar hula, mata da ɗankwali. A gabanka ake yin taliyar. Saurayi zai ɗauki curin kwaɓaɓɓiyar fulawa ya ja, ya ninka, ya buga a tebur, ya sake ja, kafin ka ƙifta ido ta zama zare-zare a tsakanin yatsunsa, ya jefa a tafasasshen ruwa. A zubo ta cikin romon naman sa wanda ya yi garau, a sa yankan wata farar saiwa, da man barkono ja, da koren ganye, da 'yan siraran yankan nama. Ana danganta wannan girki ga wani Bahui mai suna Ma Baozi, a garin Lanjo, a 1915. Ba shi da tsada, yana da zafi, kuma shi ya dawo mini da ƙarfina.

Girkin Uigur na Shinjiyang kuwa Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa cinsa. Akwai tsiren rago da ake barbaɗa wa barkono da kamun a kan garwashi. Akwai polo, dafa-dukan shinkafa da karas da albasa da naman rago, wani lokaci da zabibi. Akwai gurasarsu ta tanda, faffaɗa mai tauri, wadda ke kwana da yawa ba ta lalace ba, na kan saya in ajiye a ɗakin otal. Sai babban farantin kaza da dankalin Turawa da tattasai, dapanji, wanda in an cinye naman ake juye faffaɗar taliya cikin miyar. Wannan na ƙarshe a gidan Musulmi kawai nake cinsa, don a wasu gidajen da giya ake dafa shi. Wanda ya kai garin Shi'an ya nemi unguwar Musulmi kusa da babban masallaci, ya ci paomo: kai da kanka za ka gutsuttsura gurasa ƙanana a kwano, su karɓa su zuba romon rago. A Bejin akwai unguwar Niujie, da masallacinta da ake cewa an kafa a 996, can ake samun gasasshiyar agwagwar nan ta Bejin da yankan Musulmi, da tukunyar tagulla mai garwashi a tsakiya wadda kake tsoma siraran yankan rago da kanka. A garin Yiwu gidajen abincin Larabawa da Turkawa sun isa.

Sauran abincin da ake yi wa baƙo talla, wanda ba na gidan Musulmi ba, ga abin da na gano a makare. In takardar abinci ta ce "nama" kawai ba ta faɗi na mene ne ba, alade ake nufi. Ƙananan ƙunshe-ƙunshen fulawa da ake turarawa a kwandunan gora, abin alfaharin Gwanzu da safe, mafi yawansu da alade. Har na jatan lande ana yawan sa masa kitsensa don ya yi laushi. Awarar Sicuwan mai barkono, mapo, da niƙaƙƙen nama ake yin ta. Ganye da soyayyiyar shinkafar da na riƙa ci a tafiyar farko, Allah kaɗai ya san da wane mai aka soya su. Kifi ma, wanda muke ɗauka mafaka, ana yawan yayyafa masa giyar shinkafa ta Shaoxing don kashe ƙarni, ita kuwa wannan giya tana kusa da murhu a kusan kowane kicin. In ka rasa shagon Musulmi, gidan abincin mabiya Buddha ya fi kusa da tsira, don su ba sa girka nama ko kaɗan, amma ko can ka tambaya.

Kayan zaƙi su ne ramin da na faɗa, don haka na fi bincikarsu. Duk kek ko biskit na gargajiyar Gwanzu mai ɓawo falle-falle, har da ƙaramin kek ɗin ƙwai da ake sayarwa da zafinsa, ka ɗauka da man alade aka yi sai an tabbatar maka da akasin haka. Kek ɗin wata, da ake rabawa a bikin tsakiyar kaka, ranar 15 ga wata na 8 a kalandarsu, akwai mai man alade, akwai ma mai nama. Musulminsu suna yin nasu da alamar cingjan a kwali. Alewar madarar nan White Rabbit, da 'yan kasuwa ke yawan kawo wa yara, a 2019 hukumar addini ta Burunai ta sanar cewa gwajinta ya gano sinadarin alade a cikinta, ta gargaɗi Musulmi. Akwai kuma wani kunun shinkafa mai danƙo da ake bari ta yi tsami, jiuniang, mai zaƙi da 'yar barasa kaɗan a ciki. Wasu Musulmin can suna sha, ni dai na bari.

Masu kyau suna nan da yawa. A Gwanzu ka nemi madarar citta: ana juye madara mai zafi a kan ruwan ɗanyar citta, a bar ta minti kaɗan ta daskare har cokali ya zauna a kanta. Akwai ta yankin Shunde, madarar ɓauna da farin ƙwai da sukari a turara. Akwai 'ya'yan itace da ake jerawa a tsinke a tsoma cikin narkakken sukari, tanghulu, musamman a arewa lokacin sanyi. A Niujie ana naɗa shinkafa mai danƙo da zaƙin jan wake a birgima ta cikin garin waken soya. Alewar Shinjiyang mai zabibi da 'ya'yan itatuwa, wadda ake turawa a kura kamar bulo, halal ce, amma da awo ake sayar da ita kuma tana da nauyin tsiya. Ku gama ciniki kafin wuƙa ta taɓa ta. In ka je a watan Yuni, lici ta nuna, ka saya a reshenta.

Batun giya, ba don a sha nake kawo shi ba, sai don a gane ta. Sin ta fi kowace ƙasa yin giyar kwalba tun farkon shekarun 2000. Sunayen da za ka fi gani: Tsingtao mai koren kwalba, wadda Jamusawa da Ingilishi suka kafa a garin Cingdawo a 1903, Harbin, wadda ta girme ta, tun 1900, Snow, wadda ta fi kowace ciniki, sai Zhujiang ta Gwanzu. Waɗannan ba su da wuyar ganewa ga wanda ya saba ganin Hero da Star a Abakpa. Mai ruɗin ita ce ta abarba, a gwangwani mai launin rawaya, a firji ɗaya da lemo. Akwai mai barasa kaɗan, akwai marar ita, sai ka duba lambar kaso a jiki. A cikin girki ma tana shiga da sunanta: agwagwar giya, kifin giya na Yangshuo, da kazar da suke kira bugaggiya. A liyafar masu masana'anta kuma za a kawo farar barasa mai ƙarfi a ƙananan kofuna, a ɗaga a ce "gambe", ana son ka shanye. Ba sai ka ɓata fuska ba. Al'adarsu ta yarda mutum ya ɗaga kofin shayi a madadin giya. Tun kafin a zauna ka sa tafinta ya faɗa cewa kai Musulmi ne. Da yawansu da jin haka za su canja wurin cin abincin gaba ɗaya zuwa na 'yan Shinjiyang. Mai zif ɗin nan da na ture wa shayi haka ya yi mini daga baya, kuma har yau muna ciniki.

Shayin ma abin nema ne. Na Hui mai haɗi takwas, da jan dabinonsu da riɗi da zabibi da dunƙulen sukari a kofi mai murfi, shi nake kawo wa Liman yanzu. Jan dabinon nan ba dabino ba ne, ɗan'uwan magarya ne, kuma kawu ya fi son sa a kan komai. Sai da 'yar maƙwabcinmu ta karanta masa bayan ledar ta waya kafin ya yarda ya ci na farko, ban kuwa ga laifinsa ba.

Baje kolin Gwanzu, wanda aka fara tun 1957, sau biyu ake yin sa a shekara, Afrilu da Oktoba, kuma kowane zagaye akwai sabbin masu tafiya daga Inugu, Anaca da Fatakwal. Ɗan'uwa, in kana cikinsu, kafin ka tashi ka nemi ɗaya daga cikin yaranmu masu karatu a can ya rubuta maka da rubutunsu cewa kai Musulmi ne, ba ka cin alade, ba ka cin man alade, ba a sa maka giya a girki. Ka ajiye a waya ka riƙa nunawa. Duk gwangwanin tsarabar da za ka saya, ka ɗauki hoton bayansa ka tura a karanta maka kafin ka biya. In kuma ka riga ka raba irin tawa, ka je ka faɗa masu yau, tun akwai saura a akwatin wani tsoho.